Na Kayar da Surukina a Filin Jirgi

Samarin da ke kabu-kabu a bakin tashar jiragen ruwa ta Wara sun laƙaba mini suna Baba Mai-rawa, kuma laifin wayar hannu ne. Ɗayansu ya ga bidiyon wani ma'aikacin filin jirgin sama yana tsaye gaban jirgi yana kaɗa 'yan faya-fayai biyu, sai ya kawo mini yana ƙyaƙyata dariya, wai ashe abin da na ƙare ƙuruciyata ina yi a birni ke nan. "Baba Arzika, wanga aiki ai rawa ta. Ko ni aka ba abin ga, yau ina aje jirgi." Na ce masa madalla, amma ya zagayo ta kunnen dama ya maimaita, don na hagun, ƙarar jirgi ta tafi da shi tun ba a haife shi ba. To, tunda abin ya zama na gardama, bari in zayyana muku yadda rawar take, kowa ya auna ƙafarsa.

Aikin farko da aka ba ni a filin jirgi tsinta ne. Ni ɗan masunci ne, da sauke buhunan banda daga kwale-kwale na girma. Wani dattijo ɗan Ngaski, Baba Yohanna, wanda ya daɗe yana aiki a filin jirgi, ya zo gida hutun Kirsimeti ya gan ni ina dako, sai ya ce wa Inna wannan bayan bai kamata ya ƙare a ɗaukar kifi ba. Na bi shi birni ina jin gobe-gobe zan fara taɓa jirgi. Da gari ya waye sai ya miƙo mini tsohon gwangwani. Muka jeru kafaɗa da kafaɗa mu duka, muka ratsa kwaltar da jirage ke tsayawa daga wannan bakin zuwa wancan, kai a sunkuye kamar masu kalar gyaɗa. Noti, ƙusa, tsakuwa, murfin kwalba, guntun waya, leda, duk a gwangwani. Kullum haka kafin jirgin farko ya sauka.

Da na gaji sai na ce masa ni fa ban baro Wara don in yi shara ba, ko a gida ƙannena ke yi. Sai ya ja ni zuwa rumfar gyara inda aka kwance wani inji, ya nuna mini farfelar cikinsa. Ƙarafa ne jere da yawa, kowanne ya fi tsawon hannuna, amma duk sun gantsare sun yi giɓi kamar haƙoran tsoho. Ya buɗe tafinsa ya nuna mini noti ɗaya, wanda bai kai ƙwallon dabino ba, ya ce irinsa ne ya yi wannan aika-aika, kuma da a sama abin ya faru da wata maganar ake yi. Daga ranar ban sake raina gwangwanina ba. Har yau in ina tafiya kasuwar Yelwa na ga ƙusa a ƙasa, sai na farga tana cikin aljihuna.

Abin da ba ku gani a wayar taku shi ne injin. Injin jirgin sama baki biyu gare shi, yana zuƙa ta gaba yana furzarwa ta baya. Bayan ba ya ɓoye halinsa. Akwai zafi, akwai warin kananzir, iska kanta za ka ga tana rawa, ko jaki ya san ya kauce. Gaban ne munafuki. In farfela ta ɗauki gudu ɓacewa take yi, sai ka ga rami kawai, baƙi, lumui, da wani farin zane mai kama da katantanwa yana juyawa a tsakiya don a san abin a raye yake. Ba zafi, ba hayaƙi, ba abin da zai ce maka tsaya. Wata rana bayan an ɗauke ruwan sama Baba Yohanna ya riƙe ni a kafaɗa daga nesa ya ce in duba ƙasan bakin injin. Sai na ga ruwan da ya kwanta a kwalta yana tashi tsaye, yana murɗewa kamar 'yar guguwa, yana shigewa ciki. Ya ce abin da ya iya ɗaga ruwa daga ƙasa ba zai ji nauyin ɗan masunci ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai abin toshe kunne, akwai falmaran mai ƙyalli, akwai takalmi mai ƙarfe a baki, akwai waigi na tare taya, sai faya-fayan nan biyu da kuke wa dariya. Abin da aka hana ya fi abin da aka ba mu yawa. Ba hula, ba babbar riga, ba carbi ko biro a aljihun gaba. Ku tuna ni mutumin ƙasar Yawuri ne, inda namiji ba ya fita ƙofar gida kai sake. Wani ɗan garinmu ya taɓa hango ni a bakin aiki ba hula, ya koma gida ya ba da labari cewa birni ya fara taɓa Arzika. Babbar dokar kuwa ita ce ta jar fitila. Akwai ta a saman jirgi, akwai ta a ƙarƙashin cikinsa, in ta fara walƙiya to inji ya tashi ko yana shirin tashi. Baba Yohanna kan ce, "In jar wutar ga na ƙihta ido, jirgi ba shi da ɗan'uwa." Ko mahaifinka ne ya kira ka daga wancan gefen, sai dai ya jira.

Kuma a wurin ba a magana, don ba mai jin wani. Hannu shi ne baki. Matuƙin jirgi yana can sama kamar mai leƙowa daga bene, ba ya ganin tayarsa, ba ya ganin ƙarshen fiffikensa, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin hancinsa. Kai ne idonsa. Ka kira shi da faifai ya taho, ka karkata ya karkata, ka haɗa su bisa kanka ya taka birki. In ka ja hannu a maƙogwaro, ka ce masa ya kashe inji ke nan. Ran da aka fara ba ni in ajiye jirgi ni kaɗai, na ga gida guda yana tahowa kaina yana kururuwa, ƙasa na girgiza har cikin haƙorana. Ƙafafuna suka ce mu gudu, na ce a'a, Baba Yohanna na kallo. Na tsayar da shi daidai kan layi. Da aka kashe inji na tafi bayan motar lodi na zauna.

Fasinjoji kuwa, Allah ya shirye su. Kowa ya ɗauka hatsarin jirgi a sama yake, sai an lula za ka ga baki na motsi da addu'a. Mu da ke ƙasa mun san 'yar tafiyar nan daga ƙofa zuwa matakala ita ce abin tsoro. Mai tsayawa ɗaukar hoto, mai bin takardarsa da iska ta ɗauke, mai sakin hannun yaro don ta gyara gyale. Na taɓa ganin wani attajiri da ya ƙi bin igiyar da muka ja, wai shi ba tunkiya ba ne. Wani jirgi can nesa ya ɗan juya baya, iska ta cika masa babbar riga ta kifa masa ita a ka, ya yi ta lalube a tsakiyar fili da 'yar shara da wando. Mun yi dariya ranar, amma sai da muka tabbata ya kai matakala da ƙafafunsa.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda kamfaninmu ya fara tangal-tangal. Aka rage ma'aikata, mutum ɗaya na aikin mutum uku, kowa na sauri. Wata rana da hantsi wani ya bar amalanken kaya bayan jirgi bai ja masa birki ba, don ana kiransa a wani wurin. Matuƙi ya ƙara wuta zai juya. Amalanken ƙarfe ne, maza huɗu ke tura shi in an yi masa lodi, amma na gan shi da idona ya tashi kamar kwandon kaji. Ya je ya sami Baba Yohanna a kwankwaso. Mutumin da bai taɓa karya doka ko ɗaya ba, kuskuren wani ya cim masa. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye muku ba. Da na je asibiti shi ke ba ni baki, yana cewa ai dama gonarsa ta Ngaski ta daɗe tana kiransa, jirgi ne ya taimaka ya tura shi. Ya sa aka ɗauko faya-fayansa daga jaka ya ba ni. Bai sake tafiya daidai ba, kuma bai koma aiki ba.

A wannan tsakanin ne nake neman auren Kulu. Mahaifinta ba zan faɗi sunansa ba, surukina ne, amma duk bakin ruwa Maijirgi ake ce masa. Jirgin ruwa mai inji gare shi, yana jigila tsakanin Wara da Yelwa ranakun kasuwa, kuma bai taɓa rasa fasinja ko ɗaya a ruwa ba. Mutum ne mai tsare gida, ba ya dariya sai da dalili. An yi baiko, aka ce ɗaurin aure sai ya dawo daga aikin hajji. Kun san yadda ake da suruki a nan, ko da yake ku na yanzu har hoto kuke ɗauka da naku. Mu in ka hango shi a hanya sai ka ratse cikin dawa, in ba hali ka tuɓe takalmi ka durƙusa tun daga nesa. Ba ka cin abinci a gabansa, ba ka kallon idonsa, hannunka ba ya taɓa nasa. Ni ko inuwarsa ban taɓa takawa ba.

Shi ma yana da dokarsa, kuma duk ɗan bakin ruwa ya san ta. In injin jirgin ruwa na aiki, ba a bi ta baya. Farfela na can ƙarƙashin ruwa, ta sha yanke ƙafafun mutane. Ta goshi ake bi, kuma a matse jikin jirgin sosai, don nan ne babu abin da zai same ka. Da mari aka koya mana wannan muna yara, ni kaina na sha nawa a hannun wani matuƙi. Maijirgi kuwa ko ɗan hakimi ne ya nufi bayan jirginsa sai ya ji tsawa.

A shekarar, daga filinmu aka kwashi alhazan yankinmu. 'Yan rakiya suka cika motoci daga Wara, suka jeru bayan wayar shinge, har da Kawuna wanda shi ne waliyyina. Babban jirgin alhazai na tsaye can gaba. Tsakaninsa da ƙofar fita akwai wani ƙaramin jirgin fasinja, shi aka ba ni in sallama. Aka bi da alhazai ta zagaye, ta jikin igiya, har layi ya ƙare. Da aka ce sun gama wucewa sai aka ba ƙaramin jirgin izini. Jar fitila ta fara walƙiya, injuna biyu suka ɗauka, ni ina tsaye can gaban hancinsa da faya-fayan Baba Yohanna.

Sai na ga farin abu ya fito daga ƙofa. Maijirgi ne, da jaka a kafaɗa da buta a hannu. Ashe ya tsaya sabunta alwala aka tafi aka bar shi, mai tsaron ƙofa kuma ya tausaya masa ya buɗe, ya nuna masa jirginsu da yatsa ya ce ya yi sauri. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana barin 'yan latti a bakin gaɓa ya san jirgi ba ya jira. Bai ko kalli igiya ba, ya yanko kai tsaye. Da ya kusa ƙaramin jirgin sai ya tsaya. Ya dubi bayan jirgin inda iska ke rawa, ya gyaɗa kai, ya juya ya nufi gaba.

Abokan aikina da suka hango shi sun ɗauka igiya zai koma. Ni kaɗai na san wannan gyaɗa kan, don na sha ganinsa a tasha. Dattijon bai yi ganganci ba. Lissafinsa ya yi irin na gwani, ya ga inji na aiki, ya guje wa baya, zai bi ta goshi, kuma zai matse jikin jirgin kamar yadda ya koya wa duk garinmu. Hanyar da ya ɗauka kuwa ta ratsa daidai bakin injin hagu.

Na ja hannu a maƙogwaro, na sake ja, matuƙi ya gani. Amma inji ba fitila ba ne da za a hure ta mutu nan take, sai ya gama juyinsa. Na yi ihu, ni kaina ban ji muryata ba. Sai na ga gefen rigarsa ya miƙe ya nufi ramin nan kamar wani ya kama yana ja. Ban san lokacin da na jefar da faya-fayan bayana ba. Na ruga a sunkuye, na shige shi a ƙugu irin na 'yan kokawa, na yi waje da shi. Muka zube a kwalta muka mirgina. Na haye kansa na danne, na kifa masa fuska a ƙasa. Buta ta yi nata wuri. Hularsa kuwa ta tashi, na ga wucewarta fari fat, ta shige ramin ba ta fito ba.

Kada ku ga tsoho ku raina. Hannun da ya shekara yana jan igiyar jirgi ne, ya kai mini gwiwar hannu a baki har na ɗanɗani jini, don ya ɗauka ɓarawo ne ko mahaukaci. Ban sake shi ba sai da ƙarar ta mutu. Da na ɗaga ya juyo muka haɗa ido, karo na farko a rayuwata. Leɓensa ya fashe, riga ta yage daga kafaɗa, gwiwa ta goge, ga kai sake a gaban duk mutanen Wara. Na ga bakinsa ya motsa. "Kai na?" Ni kuma, ina zaune bisa cikinsa, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, ina kwana."

Jami'ai suka zo suka ɗaga shi, aka manna masa filasta, wani ya ara masa hula, aka yi sama da shi cikin jirginsu. Ƙaramin jirgin bai tashi ba sai da makanikai suka gama tsintar zare a cikin injin. Matuƙin ya sauko da kansa ya riƙe hannuna da hannu biyu, shugabanmu ma ya yaba. Ina jin daɗi har na juya na dubi shinge. Ba mai motsi. Su daga can ba su ga iska ba, don iska ba a ganinta. Abin da suka gani shi ne Arzika ya baro aikinsa a guje, ya ɗauki surukinsa ya nana da ƙasa, ya hau kansa ya zauna, ranar da bawan Allah zai tafi ɗakin Allah.

Kawu bai bari na gama bayani ba. Ya ce na kashe aurena kuma na kashe su da kunya, ya shige mota. Labari ya riga ni isa gida, kuma kafin ya isa ya yi 'ya'ya. Wasu suka ce aljanun jirgi ne suka shafe ni, dama an ce ina yawo ba hula. Wasu suka ce an yi saɓani ne kan kayan aure na rama. Inna ta daina zuwa kasuwa. Kulu ta aiko cewa kada in zo zance, ita maganar babanta take jira. Na ji tsoro ƙwarai, don ina son yarinyar nan, kuma na san in ya ce a'a ba wanda zai ce masa don me. Na je Ngaski na kai kuka wurin Baba Yohanna. Ya yi dariya har ya riƙe kwankwaso yana salati irin nasu, ya ce in sake faɗa masa wurin gaisuwar. Da ya nutsu ya ce zai iya rarrafawa har Wara ya yi shaida, amma wa zai yarda iska na cin mutum ta gaba? Ya ce mutum ɗaya ne ya ji abin a jikinsa, sai in jira shi.

Haka na yi ta jira har alhazai suka fara dawowa. Ran da jirginsu zai sauka na roƙi wani ya karɓe ni, na ɓuya a rumfar gyara. Bayan 'yan kwanaki aka aiko in zo gida, Alhaji Maijirgi na nemana.

Na tarar da zaurensa cike da dattawan bakin ruwa, ga liman, ga Kawu ya haɗe rai. Ana ta zagayawa da dabino da ruwan zamzam. Na durƙusa can bakin ƙofa wurin takalma, kaina a ƙasa. Kawu ya gyara murya ya fara ban haƙuri, wai yaro ne, sharrin birni ne, duk hukuncin da aka yanke sun karɓa. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Dakata, Malam. Ku kallo kunka yi. Ni aka ja."

Alhaji ya ce shi ya san ja, don ruwa ya taɓa jan sa ƙarƙashin jirgi yana saurayi, amma abin da ya kama rigarsa ran nan ya fi ruwa hannu, kuma ba a ganinsa. Ya ce yana kwance da fuska a kwalta ya ga inda hularsa ta shiga, kuma kai ne ke bin hula. Bai ɓoye ba, ya ce ya yi fushi da ni har Madina, don ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba tun yana yaro. Can ne yana zaune a masallaci ya yi ta juya abin, ya ga cewa shi da iliminsa na ruwa ya tafi da ƙafarsa zai shiga bakin abin.

Sai ya juya ga dattawan ya tambaya, a cikinsu wa ya taɓa tsamo wanda ruwa ke ci. Hannuwa suka tashi, don wuya ka sami tsohon masunci da bai taɓa ba. Ya tambayi na kusa da shi ta ina ya kama nasa, ya ce ta gashi. Wani ya ce nasa ta gemu ya jawo shi. Wani tsoho ya ce shi sai da ya ɗirka wa nasa naushi ya suma, don yana neman ya nutse da su duka, kuma yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Aka fara murmushi. Alhaji ya ce to a cikinsu wa ya tsaya tuɓe takalmi ya yi gaisuwa kafin ya kama. Sai ya nuno ni da hannu.

"Yaron ga ɗan ruwa na, aikin ruwa yay yi. Na ba shi ɗiyata. Wanda kunya ba ta hana shi tsamo ni ba, ba ta hana shi tsamo ta in rana ta ɓaci."

Liman ya shafa fatiha, Kawu ya fi kowa ƙarfin amin, kamar ba shi ya shige mota ya bar ni ba. Ni dai ban iya ɗaga kai ba, hawaye na ɗiga kan takalman mutane. Aka ɗaura aure kafin ruwan kogi ya janye, kuma Kulu ce ke dafa mini tuwon da nake ci har yau.

Kunya ta koma yadda take tsakanina da Alhaji. Ban sake kallon idonsa ba, ban sake taɓa ko gefen rigarsa ba. Sai dai har Allah ya karɓi abinsa, in ya hango ni tafe daga nesa, ko a tsakiyar kasuwa ne, sai ya dafe hularsa ya nemi wuri ya zauna. In aka tambaye shi lafiya, sai ya ce surukinsa ne ke zuwa, gara ya kai kansa ƙasa da kansa.